Tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10: in tilasta mata Windows 11 ne, ko akwai wata hanya?

Abban Hafsa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita. Furosesanta Intel Core i5-3470 ne, ram ɗinta gigabait 4, faifan ajiya kuwa irin mai juyawa ne na gigabait 500. Da Windows 7 ta zo, daga baya aka ɗaga ta zuwa Windows 10, kuma ita ce a kanta har yanzu. Da yake tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, na gwada manhajar PC Health Check, sai ta ce kwamfutar ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba: furosesan ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma ba ta ga TPM 2.0 ba, wato 'yar na'urar tsaron da Windows 11 ke nema a cikin kwamfuta.

Aikin da take yi bai wuce rubutu a Word, lissafi a Excel, shiga intanet, da buga takardu a wata tsohuwar firinta ba. Sai kuma wata 'yar manhajar ajiye bayanan kaya da ba ta aiki sai a Windows. Takan ɗauki kusan minti uku kafin ta gama tashi, in na buɗe shafuka huɗu ko biyar a burauza kuwa sai ta fara ja da ƙyar.

To me kuka ga ya fi? In bi hanyar nan da ake tsallake sharuɗɗa in ɗora Windows 11, ko in koma Linux, ko in bar ta yadda take? Kuma ta yaya zan yi ba tare da na rasa takarduna ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam Abban Hafsa. Ka ɗan ajiye maganar wace manhaja tukuna, domin ko wacce ka ɗora a kan wannan faifan mai juyawa, jinkirin nan zai biyo ka. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba layin Disk a lokacin da kwamfutar take ja. Galibi za ka tarar yana kan kashi 100, furosesan kuwa ko rabin ƙarfinsa bai yi amfani da shi ba. Dalili shi ne ram gigabait 4 yakan cika da wuri, sai Windows ta koma rubuta ragowar a faifai, shi kuma faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi ta zirga-zirga kafin ta kai ga kowane ɗan guntun bayani. Furosesanka mai ƙwaƙwalwa huɗu ne a 3.2GHz, ya isa wa aikin da ka lissafa har da ragi.

Fara da binciken lafiyarta kana cikin Windows 10 ɗin. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32. Layin BIOS Mode zai nuna maka Legacy ko UEFI, wato tsohon tsarin tashin kwamfuta ko sabo; BIOS kuwa shi ne shirin saiti da ke cikin babban allo. Rubuta abin da ka gani, za ka buƙace shi nan gaba. A wannan shafin za ka ga sunan babban allon da lambar BIOS ɗinsa. Sannan ka rubuta tpm.msc. Injinan ofis na wannan zamanin sau da yawa suna da TPM 1.2, wani lokaci ma a kashe yake a cikin BIOS. Sai ka sauke CrystalDiskInfo ka duba faifan. In ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, musamman a layin Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count, to faifan ya fara mutuwa: ka daina komai ka kwashe takardunka a ranar. A ƙarshe ka rubuta mdsched ka bar kwamfutar ta sake tashi ta gwada ram.

Kayan da za ka nema uku ne. Na farko faifan SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai inci 2.5 irin na SATA, gigabait 256 ya ishe ka, 512 ya fi sakewa. Kada ka sayo irin siririn nan na M.2, allon wannan zamanin ba shi da gurbinsa. Ka jona shi a ramin SATA da aka rubuta wa 6Gb/s ko SATA0, don a yawancin waɗannan alluna rami ɗaya ko biyu ne kawai masu cikakken gudu, kusan megabait 550 a daƙiƙa. Sauran rabin haka suke bayarwa. Ko a ramin mai rabin gudun ma za ka ga bambanci ƙarara, tunda SSD ba shi da allurar da zai jira. Ka tabbatar akwai wayar SATA da bakin wuta na ƙari a cikin akwatin.

Na biyu ram. DDR3 take ɗauka, irin dogon na kwamfutar tebur mai ƙafafu 240, wanda ake rubuta wa PC3-12800 ko DDR3-1600. DDR4 ƙafafunsa 288 ne kuma tsagarsa a wani wuri take, ba zai shiga ba, kada a danna shi da ƙarfi. Ka kai ta gigabait 8 da sanda biyu masu 4, in da hali iri ɗaya, ka sa su a gurabe masu launi ɗaya domin su yi aiki a jere biyu. Na uku ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allo, CR2032 mai bolt 3. Na injin da ya haura shekara goma ya gaji. In ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, saitin BIOS ya goge, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa da kukan takardar shaida, sabuntawa ma ta ƙi sauka. Tunda ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar fanka, ka goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ka zare wayar wuta kafin ka taɓa komai, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, ka kuma taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki sandar ram.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada ka ɗora Windows 11 ko Linux a kan tsohon faifan. Zare wayoyinsa gaba ɗaya, ka bar SSD shi kaɗai a ciki har ka gama. Amfanin biyu ne. In aikin ya ɓaci, mayar da waya kawai za ka yi ka koma Windows 10 ɗinka da komai nata. Sannan in faifai biyu suna jone a lokacin ɗorawa, Windows takan ajiye fayilolin tashi a tsohon faifan, ita kanta ta zauna a sabon. Ranar da tsohon ya mutu ko aka cire shi, sai kwamfuta ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau.

Duk da haka ka yi kwafi a faifan waje, tsohon faifai ba abin dogaro ba ne. Documents, Desktop, Downloads da Pictures kowa yana tunawa da su. Abin da ake mantawa shi ne kalmomin sirri da alamomin shafuka na burauza, fayil ɗin .pst in kana amfani da Outlook, da kuma bayanan manhajar kayan nan taka. Irin waɗannan manhajoji sau da yawa a C:\ProgramData suke ɓoye bayanansu, jakar da ba a ganinta sai an kunna Hidden items. In tana da maɓallin Backup a cikinta, shi za ka yi amfani da shi, ka kuma nemo fayil ɗin ɗora ta da lambar lasisinta tun yanzu. Direbobi ma, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da na'urori irin su firinta, ka kwashe su: buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka ƙirƙiri jaka a faifan waje, ka rubuta dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi, ka sauya E da harafin faifanka. Wannan shi zai cece ka a kan tsohuwar firintar, in kamfaninta ya cire direbanta daga shafinsa.

Malam Nura:

Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni Windows 11 zan yi magana a kai.

Abin da Microsoft ta shar'anta shi ne furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, TPM 2.0, UEFI mai iya Secure Boot (kariyar da ke tantance manhaja a lokacin tashi), ram gigabait 4 da faifai gigabait 64. Naka na ƙarni na 3 ne, na shekarar 2012, don haka babu wani saiti da zai shigar da shi jerin. Sai dai ƙin amincewa daban, rashin iyawa daban. Daga sigar 24H2, Windows 11 tana buƙatar furosesa ya san umarnin POPCNT da SSE4.2, wanda bai san su ba, kamar Core 2 Duo da Core 2 Quad, ba zai tashi da ita ba ko da wace dabara aka bi. Naka ya san duka biyun, zai tashi kuma zai yi aiki.

Ga yadda ake yi. Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows 11, daga shafin Microsoft kanta, kada ka karɓi wanda wani ya gyaggyara ya ce ya rage masa nauyi, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Girmansa ya haura gigabait 5, don haka filashi mai gigabait 8 shi ne mafi ƙanƙanta, mai 16 ya fi kwanciyar hankali, kuma duk abin da ke kansa zai goge. Buɗe Rufus, manhajar da ke rubuta fayil ɗin ISO a filashi don a tashi da shi, zaɓi filashin da fayil ɗin, a Partition scheme ka sa GPT (sabon tsarin yanka faifai, MBR shi ne tsohon), Target system zai koma UEFI da kansa. Da ka danna START wani ƙaramin akwati zai fito. Ka sa alama a layin cire sharaɗin ram, Secure Boot da TPM 2.0. Sai ka shiga BIOS ka mayar da tsarin tashi UEFI, ka tabbatar SATA yana kan AHCI. Wannan na AHCI kafin ɗorawa ake saita shi; in aka sauya shi bayan an gama, shuɗin allo ne zai tare ka da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, domin Windows ba ta loda direban sabon tsarin ba. Maɓallin zaɓen abin da za a tashi da shi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Maganar lasisi: kafin ka zare tsohon faifan, shiga Settings, Update & Security, Activation. In an rubuta cewa Windows ta kunnu da lasisin dijital, to an ɗaure shi ne da babban allonka, sauya faifai ko ƙara ram ba ya kwance shi. Ka lura ko Home ce ko Pro. A wajen ɗorawa ka danna I don't have a product key, ka zaɓi irin wacce kake da ita daidai, za ta kunnu da kanta da ta shiga intanet. In Home gare ka ka zaɓi Pro, ba za ta kunnu ba. Lambar Windows 7 da ke manne a jikin akwatin kuwa kada ka dogara da ita, tun watan Satumba na 2023 aka rufe wannan ƙofar.

To amma a faɗi gaskiya, hanyar nan tana da ɗawainiya. Microsoft ta faɗa a fili cewa injin da bai cika sharuɗɗa ba ba shi da tabbacin samun sabuntawa. A aikace facin tsaro na wata-wata yana sauka, amma babbar sigar shekara-shekara ba ta zuwa da kanta ta Windows Update. Kowace siga ta Home da Pro wata 24 take samun tallafi, don haka kafin wa'adin ya cika sai ka sake haɗa filashi da Rufus, ka buɗe setup.exe daga cikin Windows, ka zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Wanda ya manta da wannan, wata rana zai tarar facin tsaro ya tsaya bai sani ba. Rubuta winver lokaci-lokaci ka ga sigar da kake kai. Kuma babu mai ba ka tabbacin cewa siga ta gaba ba za ta zo da wani sabon sharaɗi kamar na POPCNT ba. Sai batun hoto: Intel HD Graphics 2500 da ke cikin furosesanka an daina yi masa sabon direba, na Windows 10 ne zai ci gaba da aiki, ga rubutu da lissafi babu damuwa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: shirin Extended Security Updates, wanda ke ba masu Windows 10 sigar 22H2 facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Jinkiri ne kawai, ba mafita ba, amma yana ba mutum sararin shiri. Ka duba Office ɗinka ma, don 2016 da 2019 su ma tallafinsu ya ƙare rana ɗaya da na Windows 10.

Ra'ayina, tunda akwai manhajar da ba ta aiki sai a Windows kuma kullum kana buƙatarta, Windows 11 a kan SSD da ram 8 ita ce hanya mafi sauƙi gare ka.

Malama Rabi:

Malam Nura ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda da hukuncinsa gaba ɗaya ba. Injin da Microsoft ta riga ta ce ba ya cikin lissafinta, duk shekara sai an yi masa dabara. Linux Mint 22 kuwa, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, tana da tallafi har 2029, kuma wannan injin a wurinta cikakken inji ne: ram gigabait 2 take nema a ƙalla, 4 don sakewa, faifai gigabait 20. Mint ɗin nau'i-nau'i ce: da ram 8 ka ɗauki Cinnamon, ita ta fi kama da Windows a fuska. In ka tsaya a 4, Xfce ta fi sauƙin nauyi.

Abin da na fi so game da ita shi ne ba sai ka yanke shawara a makance ba. Rubuta ta a filashi da Rufus ɗin nan, ka tashi daga filashin, za ta buɗe cikakkiya ba tare da ta taɓa faifanka ba. A nan za ka gwada abin da ya dame ka. Jona firintar ka buga shafin gwaji. Tsofaffin firintoci da dama suna aiki a Linux nan take, har waɗanda aka daina yi wa direban Windows, amma akwai masu arha da ke dogara kacokan da direban Windows, su kan ba da wahala. In tana da sikana, gwada shi daban, don sau da yawa bugu yakan yi, sikanin ya ƙi. Gwada sauti da intanet. Sannan ka buɗe takardunka na gaske a LibreOffice, madadin Word da Excel a Linux, ba na gwaji ba: wasiƙa mai tebur da tambari, da fayil ɗin Excel mafi rikitarwa da kake da shi. Rubutu da lissafi na yau da kullum suna buɗewa lafiya. Inda ake samun matsala shi ne jerin shafi yakan ɗan goce in babu irin harafin da aka rubuta takardar da shi, sai kuma fayilolin Excel masu makro, wato ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu, waɗanda ba duka suke aiki ba. Ka tuna daga filashi take gudu, jinkirin da za ka gani na filashin ne.

Manhajar kayanka ita ce ƙashin bayan maganar, a nan na yarda da Malam Nura. Shirin da ake kira Wine yana tafiyar da wasu manhajojin Windows a cikin Linux, amma masu rumbun bayanai da masu lasisin da ke duba inji sukan ƙi, kuma ba zan ba da shawarar a ɗora lissafin kaya a kan abin da zai iya tsayawa bayan wata sabuntawa ba. Hanyoyi biyu sun fi. Ko ka sa Windows 10 a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da ita a taga a cikin Mint, ka ba ta ram gigabait 3 zuwa 4, ka kashe mata hanyar intanet; wannan sai ka kunna Virtualization a BIOS, kuma lasisin babban allonka ba ya bin ta ciki. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ka ɗora Mint a SSD, ka mayar da tsohon faifan da Windows 10 ɗinsa, ka riƙa zaɓa da maɓallin tashi. Windows ɗin ta zama ta manhajar kaya kaɗai, ba intanet, ba saƙonni, ba filashin kowa. Haɗarin manhajar da tallafinta ya ƙare ta waɗannan ƙofofin yake shigowa.

In ka bi wannan, abu biyu za su ba ka mamaki. Kashe Fast Startup a Windows, a Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do. In yana kunne, Windows ba ta rufe faifan gaba ɗaya in an kashe ta, sai Mint ta buɗe shi a karatu kawai, ka kasa ajiye komai a kansa. Na biyu agogo: Linux tana ɗaukar agogon allo a matsayin lokacin duniya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, sai ka ga sa'a ta goce duk sanda ka sauya. A Mint ka buɗe Terminal ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1.

Ɗorawar kanta ba ta da wuya: SSD kaɗai a jone kamar yadda Injiniya ya ce, sa alama a multimedia codecs, zaɓi Erase disk and install Linux Mint. Bayan ta tashi, Update Manager, sai Driver Manager, sai Timeshift. Ka sani Timeshift fayilolin manhaja yake adanawa, ba ya haɗawa da takardunka sai in ka saita shi haka. Kwafin takardu aikinka ne daban.

Abban Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na sa SSD, ram ya zama 8, na sauya batir, na yi kwafi har da direbobi. Na gwada Mint daga filashi, firinta ta yi bugu, amma da yake manhajar kayan a buɗe take wuni guda, na zaɓi Windows 11 a yanzu. Sai dai na ci karo da abubuwa uku. Da farko shirin ɗora Windows ɗin ya ce "The selected disk has an MBR partition table. On EFI systems, Windows can only be installed to GPT disks." Ban sani ba ko don na fara jona SSD ɗin a Windows 10 na shirya shi a Disk Management ne. Da na share sassan da ke kansa ya wuce, amma ya tsaya a tsakiyar kwafi da lamba 0x8007025D, sau biyu. Na ce bari in koma tsohon faifan, shi ma yanzu ya ƙi tashi, yana cewa babu abin tashi. msinfo32 Legacy ya nuna mini tun farko. Hankalina ya ɗan tashi a kan wannan na ƙarshen.

Injiniya Bala:

Kwantar da hankalinka Abban Hafsa, tsohon faifan babu abin da ya same shi. An ɗora Windows 10 ɗinsa ne a tsarin Legacy a kan faifan MBR, kai kuma ka mayar da BIOS zuwa UEFI zalla, wanda ba ya neman abin tashi a inda MBR ke ajiye shi. Koma BIOS, ka tabbatar Secure Boot a kashe yake, ka kunna Legacy Option ROMs ko CSM, duk sunan da allonka ya ba shi. Faifan zai bayyana a jerin tashi ƙarƙashin Legacy. Akwai umarnin mbr2gpt da ke mayar da faifan Windows 10 zuwa GPT ba tare da goge shi ba, amma kada ka taɓa shi yanzu. Wannan faifan shi ne madogararka, a bar shi yadda yake har sabon ya zauna da gindinsa.

Saƙon MBR ɗin kuwa, dalilin da ka zata shi ne. Share sassan ya wadatar, amma don a fara a kan tsabta, sake zare tsohon faifan, ka tashi daga filashi ta layin da aka rubuta UEFI a gaban sunansa. A shafin farko danna Shift da F10, ka rubuta diskpart, sai list disk. Duba girma da kyau ka gane SSD daga filashi. Sai select disk 0 in shi ne sifili, sai clean, sai convert gpt, sai exit. Umarnin clean ba ya tambaya kafin ya goge, shi ya sa ba a yin sa da tsohon faifai a jone. A shafin zaɓen faifai ka danna Unallocated Space ka wuce, Windows za ta yanka sassanta da kanta.

Lambar 0x8007025D tana nufin bayanan da ake kwafowa suna isa a gurɓace. Wurare huɗu ake zargi, ka bi su daga mai sauƙi. Fara da ramin USB: cire filashin daga na gaba ka sa a na baya, wanda ke manne da allo kai tsaye, baƙi na 2.0 maimakon shuɗi, ka cire duk abin da ke jone ban da kibod da linzami. In ya sake tsayawa, gwada fayil ɗin ISO a wata kwamfutar: certutil -hashfile sai sunan fayil ɗin sai SHA256, ka gwama sakamakon da wanda ke shafin saukewa na Microsoft, ko harafi ɗaya ya bambanta, a sake saukewa. Sai filashin kansa, a gwada wani.

Amma na fi zargin ram, tunda shi ne sabon abin da ya shiga, kuma gwajin mdsched da ka yi kafin ka ƙara shi ne. Kashe, zare wuta, cire sanda ɗaya ka ɗora da ɗaya. Gigabait 4 ya isa ɗorawa. In ya wuce da wannan ya ƙi da waccan, ka gano mai laifin. In kowacce ta yi ita kaɗai amma sun ƙi tare, ko ba su dace da juna ba ne, ko gurbi ɗaya ya yi datti, ko sandar ba ta zauna sosai ba. Sai maƙallan gefe biyu sun rufe da kansu ta zauna. Goge ƙafafun zinaren da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar, ka bar shirin gwada ram na MemTest86 ya zagaya sau huɗu. Kuskure ko ɗaya ne a mayar da sandar, domin ram mai kuskure zai riƙa ɓata fayiloli a ɓoye ko da ɗorawar ta wuce.

In ta tashi, bar Windows Update ta gama, sannan ka buɗe Device Manager. Duk na'urar da ke da alamar ruwan ɗorawa, har da firintar, danna ta da dama, Update driver, Browse my computer for drivers, ka nuna jakar direbobin da ka kwashe, ka sa alama a Include subfolders. Ɗora manhajar kayan, ka mayar da bayananta daga kwafin, ka gwama adadin kaya da lissafin ranar ƙarshe da abin da ke tsohuwar. Ka bar tsohon faifan a zare na sati biyu ko uku kana aiki da sabon. Sai ka tabbatar babu abin da ya ɓace sannan ka yanke shawarar goge shi ko ajiye shi.